Gwangwanin Iya da Asusun Mamana

Akwai wani labari da na shafe kusan shekara goma ina bayarwa don a yi dariya. Na ba da shi a ɗakin shan shayin malaman tsangayarmu, na ba da shi a zauren gidanmu lokacin hutun Sallah, har ɗalibai na taɓa ba wa ranar da na ga barci yana neman kwashe mini rabin aji. Bai taɓa ba ni kunya ba. Duk inda na faɗe shi sai an ƙyalƙyale, wani ya riƙe baki ya ce, "Kai, Turawa! Ƙoshi ne ya yi musu yawa." Yau zan sake ba da shi a wannan fili, amma cikakke, har da sassan da na saba tsallakewa saboda suna rage wa dariyar armashi.

A shekarar 2014 ina karatun digiri na uku a yankin Yokshaya, a arewacin Ingila. Na kama haya a wata unguwa ta tsofaffin gidajen ma'aikata, irin waɗanda aka gina a jere, bango na jingine da bango. Maƙwabciyata ta hannun dama wata dattijuwa ce da ta haura sittin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu kuma neman abinci ya yi nisa da su. Zan kira ta Iya, don haka nake kiranta a zuciyata, ko da yake ban taɓa furta mata ba. Ita kuwa tun ranar farko ta kira ni da wata kalma mai ma'anar "masoyi", na koma ɗaki ina istigifari. Sai daga baya na gane haka mutanen yankin suke kiran kowa, har direban bas da mai kwasar shara.

Iya tana kiwon wata dabba da ake kira feret. Ba mu da ita a ƙasar Hausa, saboda haka ba mu da sunanta, amma muna da ɗan'uwanta, wato bodari, don masana sun ce danginsu ɗaya. Mai karatu ya ƙaddara tunku ne aka kama kansa da wutsiyarsa aka ja har ya ƙara tsawo: jiki siriri, ƙafafu gajeru, ga wani baƙin zane ya ratsa idanu kamar ɓarawon da ya ɗaure fuska. Ba ta kai kyanwa girma ba, nauyinta ba ya wuce kilo 1 zuwa 2. Ta gaji kaɗan daga abin da aka san bodari da shi, don da ka shiga ɗakin da take hancinka zai ba ka labari. Takan yi barcin sa'a 14 zuwa 18 a yini, sauran lokacin kuwa ɓarna ce kawai, ta ɗauke safa ko makulli ta kai maɓoyarta. An ce sunan nata ma ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɓarawo. Fiye da shekara 2,000 ke nan mutanen Turai suna kiwon ta don farautar zomo: a shimfiɗa raga a bakin ramuka, a tura ta ciki, zomaye su fito a guje su faɗa raga. Aikin da hayaƙi yake yi wa yaranmu a ramin gafiya, shi take yi musu.

Wata rana da almuru aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ina buɗewa sai ga Iya, riƙe da gwangwanin biskit da aka tsaga murfinsa, an manna hoton dabbar nan a jikinsa. A ɗaya hannun kuma ga ɗan littafin tikiti, irin wanda za ka saya, a yi ƙuri'a, wanda ya ci ya tafi da kwandon kayan maƙulashe. Ta ce feret ɗinta ba ta da lafiya, kuɗin asibiti ya fi ƙarfinta, tana neman gudummawar maƙwabta.

A nan nake tsayawa idan ina ba da labarin. Nakan ce, "Wallahi tsohuwa ce take bi gida-gida tana neman kuɗin asibitin ɓera." Ɓera nake cewa, don ya fi ban dariya.

Ciwon da ke damun dabbar likitoci suna kiransa insulinoma, kuma yana cikin cututtukan da suka fi kama feret da zarar ta fara manyanta. Ƙari ne ƙanana suke tsirowa a gaɓar nan da ke kusa da tumbi wadda take samar da sinadarin insulin, sai gaɓar ta riƙa zubo shi fiye da kima. Kishiyar ciwon sukarin da muka sani ke nan: mai ciwon sukari jininsa cika yake yi da sukari, ita kuwa nata jinin ƙafewa yake yi. Idan abin ya motsa sai ka ga ƙafafunta na baya sun saki, ta ƙura wa bango ido, miyau na dalala, tana kai hannu baki kamar mai jin tashin zuciya. In ya yi tsanani ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Iya ba ta rabo da ƙaramar kwalbar zuma a aljihun rigarta, don idan haka ta faru zuma ake shafa wa dabbar a dasashi kafin a ruga asibiti. Ana iya yin aiki a cire ƙarin da ido ya gani, amma galibi wasu sukan sake tsirowa. Ana ba da maganin firednisolon safe da yamma don ya ɗaga sukarin, a riƙa ciyar da ita nama kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a kuma riƙa komawa awon jini. Duk wannan lallaɓawa ce kawai. Ciwon ba ya warkewa, kuma likitan bai ɓoye mata ba.

To, me ya sa sai ta yi bara? Tun shekarar 1948 ɗan Birtaniya yake zuwa asibitin gwamnati a duba shi ba tare da an miƙa masa takardar biya ba. Dabba ba ta cikin wannan gata. Asibitinta kasuwa ce, ganin likita da kuɗinsa, awon jini da kuɗinsa, kwana ɗaya a gado da nasa. Mutumin da bai taɓa sanin farashin allurar da aka yi masa ba, ranar da ya kai dabbarsa asibiti yake fara jin abin da magani yake ci. Akwai inshorar dabbobi, amma ba ta ɗaukar ciwon da ya riga ya bayyana kafin a shiga, ita kuwa Iya ba ta tuna da inshora ba sai da aski ya zo gaban goshi. Feret kuma ba kare ba ce, ba kyanwa ba ce. Likitocin da suka ƙware a kanta kaɗan ne, sai an yi tafiya, kuma sun san su kaɗan ne. Akwai ƙungiyoyin jinƙai masu duba dabbobin talakawa, irin wadda Maria Dickin ta kafa a gabashin Landan a 1917, sai dai kowace da sharuɗɗanta. Iya tana da ɗan fansho, tana kuma sharar wani ofis kwana uku a mako, don haka ta faɗa tsakiya: ta fi ƙarfin sadaka, ba ta kai ƙarfin biya ba. Kukan tsadar nan ba nata ba ne ita kaɗai. A shekarar 2023 hukumar da ke sa ido kan gasa a kasuwannin Birtaniya ta fara binciken harkar asibitocin dabbobi, ta kuma bayyana cewa a 2013 kimanin kashi 10 cikin 100 ne na asibitocin suke hannun manyan kamfanoni, amma cikin shekara goma adadin ya doshi kashi 60.

Ni kuwa a wannan maraice zuciyata tana gida. Ƙanwar mahaifiyata tana kwance, ana yi mata wankin ƙoda, duk dangi an raba wa kowa abin da zai kawo, kuma wanda ke Turai kowa ya san kason da ake yanka masa. Kuɗin tallafin karatuna ya makara. Ina tsaye a bakin ƙofa ina lissafi: fam 10 a lokacin ya haura naira 2,500. Na ce wa Iya ba zan karɓi tikitin ba, don addinina ya hana caca, amma ga fam 10. Kada mai karatu ya yaba mini. Kunya ce ta ciro kuɗin nan daga aljihuna, ba tausayi ba. Matar nan ita ke karɓar mini saƙo idan ba na nan, ita ta koya mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, kuma da mura ta kayar da ni ita ta kawo mini romon kayan lambu, tana ta rantsuwa cewa ko ƙamshin alade bai kusanci tukunyar ba. Na rufe ƙofa ina jin haushin kaina da nata.

Bayan mako biyu ta kira ni shan shayi don ta yi godiya, a nan na ji sashen da ban taɓa ba kowa ba. Mijinta mahaƙin kwal ne. A watan Maris na 1984 mahaƙan kwal na Birtaniya suka shiga yajin aiki saboda shirin gwamnatin Margaret Thatcher na rufe mahaƙu, ba su koma ba sai Maris na 1985. Shekara guda cur babu albashi. Ta ce sun sayar da abin da zai sayu, sun ƙona katakon shingen gidansu don jin ɗumi. Amma mijin yana da feret huɗu a akurki bayan gida, kamar wasu mahaƙan yankin. Kullum da asuba sai ya zuba su a akwati ya nufi saura. Zomon da ya samo, ɗaya ya shiga tukunyarta, saura a kai madafar haɗin gwiwa da matan mahaƙa suka buɗe don ciyar da unguwa. Ta ce, "Masoyi, duk naman da 'ya'yana suka ci a wannan shekara, dabbar nan ce ta koro shi daga rami." Mijin ya ci gaba da kiwonsu har ya rasu, suna haihuwa yana rabarwa. Wadda ke kwance a cinyarta a lokacin, gashinta ya fara zubewa, ita ce ta ƙarshe a zuriyar.

Ban san abin da zan ce mata ba, sai na tuna wani Bafulatani a ƙauyenmu da yake da wata tsohuwar saniya, ta daina haihuwa, ta daina nono, haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa daga nesa. Mahauta sun yi zarya har sun gaji. Yakan ce daga cikinta rabin garkensa ya fito, ba zai ga wuƙa a wuyanta ba. Ba mu taɓa cewa ƙoshi ne ya yi masa yawa ba.

Daga baya, da karambanin mai karatu ya motsa, na gano cewa ni ma da bashin dabbar nan a wuyana. Annobar murar da ta ratsa duniya a 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta kashe miliyoyin mutane ba tare da an san abin da ke haddasa ta ba. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka ware ƙwayar cutar murar ɗan'adam, kuma da feret suka yi aikin, don tana kamuwa da murarmu, tana atishawa kamar mu. Har yau da jininta ake gwada sababbin nau'o'in ƙwayar kafin a zaɓi waɗanda za a haɗa rigakafin shekara da su. Ban gaya wa Iya wannan ba, don ba ta buƙatar hujja daga ɗakin gwaje-gwaje.

Gwangwanin nan bai tsaya a layinmu ba. An yi ranar sayar da kek a zauren taron unguwa. Wani tsohon abokin aikin mijinta ya yi tattaki mai nisa a ƙafa, mutane suka yi alkawarin biyan wani abu a kan kowane mil. A wata kasuwar baje kolin manoma an yi tseren feret, wanda al'ada ce a karkarar Ingila: a jera dogayen bututun ruwa, a sa kowace a bakin nata, wadda ta fara fitowa gaba ɗaya har wutsiya ita ta ci. Na je kallo. Wata ta kai tsakiyar bututu ta yi kwanciyarta, wata ta leƙo kai ta ga jama'a ta koma. Ban taɓa ganin Turawa suna ihu kamar 'yan kallon dambe ba sai ran nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tagar ɗakinta. Kowane ƙarshen wata sai ta manna takarda a jikin gilashi, ta fuskanci titi: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga rasit ɗin asibiti an liƙa a ƙasa. Ba wanda ya nema. Mai wucewa da karensa zai tsaya ya karanta ya wuce. Sau ɗaya ta yi amfani da kuɗin gwangwani ta biya tasi saboda dabbar ta faɗi da tsakar dare, sai ta rubuta shi da jan biro, ta ƙara da cewa za ta mayar idan an yi albashi. Wata na zagayowa ta mayar.

A bangon madafarta kuma akwai kalanda. Likitan ne ya ba ta shawara: duk ranar da dabbar ta ci abinci da kanta, ta yi wasa, ta saci wani abu, a sa kore, ranar da ta wuni a kwance ko ta faɗi, a sa ja. Ya ce mata zuciyar mai dabba maƙaryaciya ce, rana ɗaya mai kyau takan mantar da ita kwana biyar na wahala, amma kalanda ba ta san son kai ba. Haka aka yi ta tafiya wata goma sha huɗu. Zuwa ƙarshen 2015, daidai lokacin da ake shirin rufe mahaƙar Kellingley, wadda ita ce mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, ja ya rinjayi kore mako uku a jere. Akwai sauran kuɗi a gwangwani, akwai kuma wani magani mai tsada da ba a gwada ba. Ta naɗe ta a tsohuwar rigar sanyin mijinta ta kai ta, aka yi mata allurar da ba a farkawa. Bayan kwana kaɗan ta sake ƙwanƙwasa mini ƙofa, wannan karon da ambulan. Fam 63 ne suka rage, tana bin duk wanda ya sa hannu tana neman izininsa kafin ta miƙa su ga wani gidan da ke kula da feret ɗin da aka yasar. Da za a kasafta, rabona ba zai sayi burodi ba.

Na san abin da ke ran mai karatu, don shi ne ke raina a wancan maraice, kuma har yau ban janye shi ba. Ran ɗan'adam yana gaba. A ƙasar da ake karanta sanarwar neman taimakon kuɗin aiki a rediyo, inda mace kan rasu a kan gwiwa saboda kuɗin jini, duk wanda yake da naira ɗaya tak, ga yaro ga dabba, ya ba dabba, to a duba hankalinsa. Da a ce fam 10 ɗin nan shi ne tsakanin innata da wankin ƙodarta, da ban bayar ba, kuma da Iya ta sani da ba ta karɓa ba. Amma na lura da wani abu game da dariyar da labarina yake jawowa. Ba ta taɓa ƙarewa da wani ya ce, "To, tunda mu mun fi su sanin darajar mutum, ga nawa, a kai wa wane da ke kwance." Ana gama dariya ake ƙara shayi. Mukan tuna da marasa lafiyarmu ne a daidai lokacin da muke son hujjar raina wanda ya ji tausayin dabba, da hujjar ta gama aikinta sai mu mayar da su inda muka ɗauko su.

Kuma ba daga Turawa tausayin dabba ya fara ba, balle mu ce baƙon abu ne. Yaron da ya yi shekara biyu a Islamiyya ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Malamanmu na Malikiyya sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita, in ya kasa a tilasta masa ya sayar. A ƙarni na 13 Sarkin Musulmi Baibars ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwowin da ba su da mai su. A birnin Bursa na Turkiyya, zamanin Daular Usmaniyya, an keɓe gida sukutum don jinyar shamuwar da ta karye ta kasa bin 'yan'uwanta ƙaura. Da yau wani attajirin Kano zai yi irin wannan waƙafi, da mun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Na daɗe ina tunanin me ya sa abin yake yi mana banbaraƙwai, alhali mu ne masu kwana a turke idan saniya za ta haihu. Ina ganin amsar tana bakin wuƙa. Dabbobin da muka fi kiwo duk ana cin namansu. Idan rago ya ƙi kiwo kwana uku, aka ba shi jar kanwa, aka kira malamin dabbobi ya yi allura bai tashi ba, sai a ce a yi maza kada ya mutu mushe. Wuƙa ta hutar da shi, ta kuma hutar da mu daga tambayar da Iya ta yi wata goma sha huɗu tana fama da ita. Ilimin likitancin dabbobi ma da ya zo mana, ta ƙofar dukiya ya shigo. An kafa cibiyar Vom a 1924 don yaƙi da bushiya, cutar da ta sha share garkunan Fulani, wadda sai a 2011 aka ayyana kawar da ita daga doron ƙasa. Babban aiki ne, ba mai raina shi. Sai dai ya saba mana da auna jinyar dabba da farashinta a kara: in magani ya fi ta tsada, magana ta ƙare.

To, dabbar da ba a ci fa? Nan ne asirinmu yake tonuwa. Jakin da ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaukar yashi, ranar da gyambon bayansa ya hana a ɗora masa mangala sai a kwance shi a kora shi bola, ya yi ta cin leda har ya faɗi. Kyanwar da ta fara rama a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari. Karen farauta da ya tsufa a daina kiransa. Ba jinya, ba kuma hutarwa, alhali a cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammanin rayuwarta, malamai suka ce don a hutar da ita ne. Malaman nan sun zauna sun yi tunanin ƙarshen tsohon jaki. Mu da muke karanta su mun bar shi ga ungulu.

Wannan ba ya nufin na sallama wa Turawa komai. Na ga waɗanda suke jan ran dabba da aiki bayan aiki, ba don ita ba, don su kansu ba za su iya zama a ɗaki shiru ba. Na ga yadda kasuwa ta gane cewa mai kaɗaici ba ya taya farashi. Kuma ina da ja a kan mutumin da zai sayi feret don ta ba shi sha'awa, ba tare da ya tambaya ba, alhali sananne ne cewa daga shekara uku zuwa sama cututtuka irin wannan suna jiran da yawansu, sannan in ta kwanta ya juyo ga jama'a da ƙoƙon bara. Wanda ya ɗaure akuya shi ya ɗauki alkawarin dusa. Iya da kanta ta ce mini da ta riƙa jefa fam biyu a gwangwanin nan tun dabbar tana ƙarama, da ba ta tsaya a ƙofar kowa ba. Neman taimako halal ne ga wanda abu ya fi ƙarfinsa, amma yana da ladubba, kuma a wurin tsohuwar nan na ga an cika su: ta faɗi gaskiyar cewa ciwon ba mai warkewa ba ne, ta nuna inda kowane kwabo ya shiga, ta kuma tsaya tun kuɗi bai ƙare ba. Sau nawa muka yi karo-karo don jinyar mutum, ɗan'adam mai daraja, a masallaci ko a wurin aiki, aka sanar da mu abin da aka tara, balle abin da ya rage? In ka tambaya a ce ba ka yarda da mutane ba.

Abin da ya sa na tono wannan labari yanzu shi ne, wata uku da suka wuce kyanwar gidanmu ta fara rama. Shekararta tara tare da mu, mun karɓo ta ne saboda ɓeraye, kuma ta yi aikinta. Sai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai amai. Na ce za ta ware. Da abin ya yi nisa na fara tunanin buhu, ba zan ɓoye ba. Wata Asabar ina duba takardun jarrabawa sai autarmu ta shigo, shekararta takwas, sunan mahaifiyata gare ta don haka Mamana nake kiranta. Ta zube mini kuɗi a kan takardun, duk sun yi ƙurar jar ƙasa. Asusunta ta fasa, wanda take tari don kayan Sallah. Naira 4,350.

Ta ce, "Abba, ya isa a kai ta asibiti?"

Na ce, "Mamana, mayar da kuɗinki, ni zan biya."

Ta ce a'a, ai ita take kwana da ita.

Likitan dabbobin da ya duba ta ya ce ƙoda ce, kuma ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa: a sauya mata abinci, a riƙa ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata, a dawo da ita duk wata. Kuɗin ranar farko kaɗai ya ninka na asusun sau da yawa. Yayanta biyu sun sa nasu, ɗaya da sharaɗin sai an nuna masa rasit, ban san inda ya gado wannan ba. Uwargida ta ce ta ji ta gani, amma don Allah kada in kai maganar wurin aiki a mayar da mu abin dariya, ga shi na kawo ta jarida.

Ba mu da kalanda a madafa, don haka Mamana take yin nata zanen da alli a bayan ƙofa, fari da ja. Jiya da dare na ƙirga na wannan wata: fari goma sha ɗaya, ja huɗu. Biyu daga cikin fararen na ga alamar an fara jan ja aka goge. Ban yi mata magana ba tukuna. Ranar Talata za mu koma awon jini.